Sallamar ma'aikaci a Najeriya: inda manajoji ke faɗuwa tun kafin a je kotu

Har yanzu akwai masu kamfani da manajoji da yawa a Najeriya da ke riƙe da wata tsohuwar magana, cewa wanda ya ɗauki mutum aiki yana da ikon sallamar sa duk ranar da ya ga dama, da dalili ko ba dalili, muddin ya ba shi wa'adin da aka yi yarjejeniya a kai. Maganar tana da asali. Haka dokar da muka gada daga Ingila ta tanada, haka kuma Kotun Ƙoli ta yi ta nanatawa shekara da shekaru, har da shari'ar wani ma'aikacin kamfanin Shell da ta yanke a 1993. A wancan zamani, ko kotu ta yarda an sallami mutum ba bisa ƙa'ida ba, abin da zai tashi da shi bai wuce albashin wa'adin da aka hana shi ba, galibi na wata guda. Shi ya sa da yawa ba sa ma kai ƙara, don kuɗin lauya ya fi abin da za a samo.

Yau labari ya sha bamban. Ranar 4 ga Maris 2011 gyara na uku da aka yi wa kundin tsarin mulkin 1999 ya fara aiki. Gyaran ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, ya daidaita ta da Babbar Kotu, ya kuma danƙa mata ita kaɗai hurumin sauraron duk wata ƙara ta tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi. Sashe na 254C ya ƙara mata wani abu da tsoffin kotuna ba su da shi: ikon duba rashin adalci a wurin aiki, da auna shari'a da kyakkyawan tsarin da duniya ke bi. Ta wannan ƙofa kotun ta shigo da yarjejeniya mai lamba 158 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, wadda ta ce ba a raba mutum da aikinsa sai da ingantaccen dalili da ya shafi halinsa, ko ƙwazonsa, ko buƙatar ma'aikatar, kuma sai an ba shi dama ya kare kansa. Najeriya ba ta rattaba hannu a kan wannan yarjejeniya ba, amma kotun ta ɗauke ta a matsayin ma'auni. A 2015, a ƙarar da wani ma'aikacin Diamond Bank ya shigar, ta ce sallama ba tare da faɗin dalili ba ta saɓa wa wannan ma'auni.

Kuɗin diyya ma ya canza. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da albashin shekara 2 da aka yanke wa kamfanin Sahara Energy ya biya wata ma'aikaciyarsa da ya kora a kan zargin da bai tabbata ba. A 2024 Kotun Ƙoli ta amince da diyyar albashin shekara 2 a shari'ar wani ma'aikacin Skye Bank. Mai ɗaukar naira 180,000 a wata, a tsohon lissafi abin da zai samu ke nan; a sabon lissafi ana maganar naira 4,320,000. Gaskiya ne manyan kotuna ba su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya a kan batun ba, akwai hukunce-hukuncen da har yanzu ke bin tsohuwar hanya, kuma majalisa ba ta rubuta ƙa'idar ƙarara cikin doka ba kamar yadda Ghana ta yi a dokar ƙwadagonta ta 2003. To amma duk wanda aka kai ƙara a Kano, ko Kaduna, ko Sakkwato, ko Jos, gaban alƙalin Kotun Ma'aikata zai fara tsayawa. Manajan da ya jingina da tsohuwar magana caca yake yi da kuɗin kamfani.

Kafin a shiga maganar sallama, sai an san wane irin ma'aikaci ake magana a kai, don ba duka doka ɗaya ta hau kansu ba. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta na 1974 ne, a sashe na 91 ta taƙaita kalmar ma'aikaci ga masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manaja da injiniya da akanta da likita ba sa cikin wannan ma'anar. Su takardar ɗaukar aikinsu da kundin dokokin kamfani ne ke hukunta su, sai kuma ma'aunin adalcin da kotu ke dubawa. Akwai kashi na uku: ma'aikatan gwamnati da na jami'o'i da hukumomin da doka ce da kanta ta tsara yadda ake ɗaukar su da yadda ake ladabtar da su. Waɗannan in aka tsallake mataki ɗaya a cikin matakan da dokar ta shimfiɗa, kotu na iya soke korar ta mayar da mutum kan kujerarsa da dukan albashin da ya wuce, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yi a shari'ar wasu malaman Jami'ar Legas a 1985. A kamfani mai zaman kansa da wuya a tilasta mayar da mutum, diyya ake yankewa.

Matsalar da ta fi yawa a wurarenmu tana farawa ne tun ranar ɗauka. Ana kawo yaro ta hannun wani aboki ko ɗan'uwa, a ce ya fara zuwa ranar Litinin, a faɗa masa albashi da baki, shi ke nan. In aka ce a rubuta, sai wani ya ji kamar an nuna rashin yarda. Wannan kunya ba ta da muhalli a nan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce da rubuta bashi, kuma ba tsakanin maƙiya aka yi umarnin ba. Doka ma ta wajabta: sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce kafin wata 3 su cika da fara aiki, dole a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke shi, da irin aikin, da ranar ɗauka, da albashi da lokacin biyan sa, da awoyin aiki, da hutu, da tsawon wa'adin rabuwa. Rashin takardar bai kuɓutar da mai kamfani. Kotu za ta gane akwai aiki daga shigar albashi a banki, ko katin shaida, ko saƙonnin waya, sannan ta cike giɓin da kanta, kuma ba lalle ta cike shi yadda mai kamfani yake so ba.

Haka lokacin gwaji. In takarda ta ce wata 6, ranar da suka cika a yanke shawara a rubuce: an tabbatar, ko an ƙara wa'adi in takardar ta ba da dama, ko an rabu. Wanda aka bari ya ci gaba da aiki ana biyan sa ba a ce masa komai ba, kotu kan ɗauka an tabbatar da shi.

Sai bambancin sallama da kora, wanda mutane ke cakuɗawa a baki amma doka ta raba. Sallama ita ce rabuwa da wa'adi, mutum ya tafi da mutuncinsa da haƙƙoƙinsa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ajiye mafi ƙarancin wa'adi: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga mai shekara 5 zuwa sama. Ranar da aka miƙa takardar ba ta cikin lissafi, kuma duk wa'adin da ya kai mako dole ya zama a rubuce. In takardar ɗaukar aiki ta ba da fiye da haka, ita za a bi. Ana iya biyan kuɗi a madadin wa'adi, amma akwai tarko a nan da ke kama kamfanoni da yawa: kuɗin tare da takardar sallama ake ba da shi. Rubuta cewa "za a biya ka nan gaba in an gama lissafi" bai wadatar ba, kuma wannan ma Kotun Ƙoli ta faɗe shi a waccan shari'a ta 1993.

Kora kuwa hukunci ce a kan babban laifi. Ba wa'adi, galibi ba giratuti, ga tabo. Ma'aikacin bankin da aka kora a kan almundahana, sunansa Babban Banki ake kai wa, ƙofar aikin banki ta rufe masa ke nan. Saboda nauyin wannan tabo ne alƙalai ke tsananta bincike a kan kora, kuma ƙa'idar da Kotun Ƙoli ta kafa ita ce duk wanda ya ambaci dalili, shi zai tabbatar da shi.

A ɗauka wani kamfanin sarrafa shinkafa ne a Sharaɗa, a Kano. An yi ƙidayar sito ranar Alhamis, aka ga buhu 40 ba su. Ran manaja ya ɓaci, ya kira mai kula da sito gaban leburori ya ce masa ɓarawo, ya karɓe makullai, ya ce wa maigadi daga gobe kada a bar shi ya shigo. Da dare aka tura masa saƙon WhatsApp cewa an kore shi saboda sata, kuma albashin watan an riƙe a madadin kaya. Mai yiwuwa ne mutumin shi ya kwashe buhunan. Duk da haka, in aka je kotu kamfanin ne zai sha ƙasa, domin ba a tambaye shi ba, ba a ji ta bakinsa ba, an ɗora masa laifin da babu takardar da ta tabbatar, an kuma riƙe kuɗin guminsa ba izini.

Ga yadda ya kamata a bi da lamarin. Ranar da aka gano giɓin, a sake ƙidaya a gabansa da wani shaida, kowa ya sa hannu a takardar. A tattara katin sito, da takardun fitar da kaya, da littafin maigadi na ƙofa, a kulle su a ofis kafin wani ya taɓa. Sannan a ba shi takardar tuhuma. Yawancin takardun tuhumar da ake rubutawa ba su da amfani, don sai ka ga an ce "an lura kana sakaci da aikinka, ka yi bayani". Wane sakaci, yaushe, a ina? Takarda mai kyau cewa za ta yi: a ƙidayar ranar kaza an samu giɓin buhu 40 masu kilo 50; littafin ƙofa ya nuna mota mai lamba kaza ta fita da kaya ranar kaza ba tare da takardar fitarwa mai sa hannun manaja ba, wanda ya saɓa wa sashe kaza na kundin ma'aikata; ka ba da amsa a rubuce cikin awa 48. A haɗa masa kwafin takardun da ake dogaro da su. Ya sa hannu ya karɓa. In ya ƙi karɓa, shaidu biyu su rubuta cewa an miƙa ya ƙi, a kuma aika masa ta imel ko ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit. In mutumin ba ya karanta Turanci, a karanta masa da Hausa a gaban shaida, a bar shi ya amsa da harshen da ya iya. Amsar da wani ya rubuta masa da Turancin da bai fahimta ba, ya dangwala hannu, ba ta kare kowa ba.

Kotun Ƙoli ta yarda cewa tuhuma a rubuce da amsa a rubuce na iya wadatarwa a matsayin jin ta bakin mutum. Amma in kundin kamfani ya ce za a kafa kwamitin ladabtarwa, to dole a kafa, don kamfani ya ɗaure kansa da abin da ya rubuta. Kuma in ya musa, ya ce manaja ne ya ba shi umarni da baki ya saki kayan, ai takarda kaɗai ba za ta warware ba, sai an zauna. A sanar da shi ranar zama da abin da za a tattauna. Manajan da ya kawo ƙarar shaida ne, kada ya zauna cikin masu yanke hukunci. Ba a zama mai ƙara kuma alƙali. A bar wanda ake tuhuma ya ji abin da maigadi da direba suka faɗa, ya yi musu tambaya. In ɗan ƙungiya ne, wakilin ƙungiyarsa ya raka shi. A rubuta abin da aka faɗa, kowa ya sa hannu a ranar.

Daga nan sai zaɓen kalma, wanda a ganina nan ne ƙwarewar mai kula da ma'aikata take bayyana. Magana zarar bunu ce. In abin da takardu suka nuna shi ne ya saki kaya ba da izini ba, wannan za a rubuta a takardar kora, kada a rubuta sata. Sata laifi ne na hukunci, tabbatar da ita a kotu na da wuya, kuma in ta kasa tabbata ita ce ke jawo diyya mai nauyi. Ba dole ba ne a jira 'yan sanda ko hukuncin kotun laifi kafin kamfani ya ɗauki matakinsa, Kotun Ƙoli ta faɗi haka tun a shari'o'in bankuna na 1996 da 2004, muddin an ji ta bakin mutum. Amma kai shi ofishin 'yan sanda don kawai a tsorata shi ya sa hannu a takardar biyan kaya hanya ce ta jawo wata ƙarar ta tauye haƙƙi a kan ta farko.

Albashin da aka riƙe fa? Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire tara daga albashi. Asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci ana iya cire wani abu daidai gwargwado, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna, kuma jimillar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Ko wanda aka kora da hujja yana da haƙƙin kuɗin kwanakin da ya riga ya yi aiki.

Akwai wasu dabaru da manajoji ke ganin sun fi kora sauƙi, alhali sun fi ta haɗari. Ɗaya ita ce dakatarwar sai-baba-ta-gani: a ce mutum ya zauna a gida "har sai an neme shi", ba albashi, wata 8, shekara, da fatan zai gaji ya tafi. Wanda aka dakatar har yanzu ma'aikaci ne. In takardar aikinsa ko kundin kamfani bai ba da ikon dakatarwa ba albashi ba, kuɗin na taruwa ne a kan kamfani wata bayan wata. Dakatarwa ta bincike a sa mata rana, mako 2 ko 4, a kuma gama binciken cikinsu. Ta biyu ita ce a kira mutum ofis a ajiye masa takarda da biro a ce "rubuta ka ajiye aiki, ya fi maka mutunci". Kotun Ma'aikata na ɗaukar murabus na dole a matsayin kora, haka ma in aka ƙuntata wa mutum da gangan, aka rage masa matsayi ko aka ɗauke masa aiki har ya tafi da kansa. Ta uku ita ce tono tsohon laifi. Wanda aka riga aka yi wa gargaɗi a kan abu, ko aka san ya yi aka kau da kai har aka ƙara masa girma, ba a dawowa bayan shekara 2 a kore shi a kan wannan abin. Haka nan ba a mayar da ranar kora baya, ba a kuma korar wanda ya riga ya miƙa takardar ajiye aiki yadda ya dace ya tafi.

Rashin ƙwazo shi ne dalilin da aka fi ambata, shi ne kuma aka fi kasa tabbatarwa, saboda halinmu na kara. Shugaba na ganin aikin mutum bai yi ba, yana ƙorafi a bayan idonsa, amma in lokacin cike takardar auna ƙwazo ya zo sai ya ba shi "ya yi kyau", don kada a ce ya hana ɗan wani ƙarin girma. Shekara 3 a haka, rana ɗaya haƙuri ya ƙare a rubuta sallama saboda rashin ƙwazo. Lauyan ma'aikaci ba abin da zai yi sai ya ajiye takardun nan uku gaban alƙali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan kara cutarwa ce ga ma'aikacin kansa, domin an hana shi sanin gaskiya lokacin da zai iya gyarawa. Abin da ya dace shi ne a zauna da shi a faɗa masa inda ya gaza da misali da rana, a rubuta abin da ake so ya cimma da adadi, a ba shi wata 2 ko 3 da horon da yake buƙata, a riƙa zama duk mako 2 ana rubuta inda aka kai. Da yawa sukan gyaru a nan. Wanda bai gyaru ba, ko shi ya san ba a zalunce shi ba.

Wasu dalilan kuwa ko da wa'adi ba su halatta. Sashe na 9 na Dokar Ƙwadago ya hana sallamar mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Sashe na 54 ya ba mace hutun haihuwa na mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 tana aiki, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun, ko wadda wa'adinta zai cika a cikinsa. Wata doka ta 2014 ta hana nuna wa mai ɗauke da cutar HIV bambanci a wurin aiki, wata ta 2018 kuma ta kare masu buƙata ta musamman.

In kasuwa ce ta ja baya har aka ga sai an rage ma'aikata, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ne ke aiki: a sanar da ƙungiya ko wakilan ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, a kuma yi iya ƙoƙari a daidaita a kan kuɗin sallama. Dokar ba ta yanke adadi ba. Abin da ke tona asirin kamfani shi ne a ce an soke kujera, bayan mako 3 a ga sabon mutum a kanta.

Ranar rabuwa, lissafi ya zama a shirye a takarda guda: albashi zuwa ranar ƙarshe, kuɗin wa'adi in ba za a yi shi ba, kuɗin hutun da bai ci ba, alawus ɗin da ya riga ya cancanta, da giratuti in takardar aiki ko kundin kamfani ko yarjejeniyar ƙungiya ta tanada, domin a kamfani mai zaman kansa daga can giratuti yake fitowa. Sai fansho, inda kamfanoni da yawa ke da ɓoyayyen bashi. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi 8, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, kuma jinkiri na jawo tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ba a tura ba a kowane wata. Kuɗin da aka cire daga albashin mutum ba a tura ba amana ce aka ci, kuma lokacin sallama ne take fitowa fili. Wanda bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba, doka ta ba shi damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Kamfanin fansho zai nemi takardar sallama da shaidar cewa an zuba masa kuɗinsa duka. Saboda haka a haɗa masa takardun nan biyu cikin ambulan ɗaya da lissafinsa tun ranar da zai miƙa makullai, kada a bar magidanci yana safa da marwa a bakin get yana roƙon maigadi ya shigar da shi wurin manaja.